Alkawarin da Ba Ya Zuwa Kotu

Tun da na dawo daga Holan ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna wurin mai shayin bakin tasha a Kura sai wani ya jawo benci ya ce, "Haladu, wai da gaske ne a can jirgin ruwa ta saman gonaki yake wucewa?" Ranar kasuwar Bunkure kuwa har wanda ban sani ba sai ya riƙe min keke ya ce sai na gaya masa ko Turawa suna cin tuwo. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Sai dai kafin in sa ku a jirgi, dole in faɗi abin da ya kai ni, don ba yawon buɗe ido na je ba.

Ni mai ƙofar ruwa ne. A inda babbar magudana ta rabu ta nufi gonakin yankinmu akwai ƙofa ta ƙarfe, da wani ƙaton keke a samanta da ake murzawa ta ɗaga. Mutum ɗaya ba ya iya murza shi, sai biyu. Ni da Tanko muke wannan aikin tun da aka fara sako ruwa. Kamfanin da ya haƙa magudanan shi ke biyan mu, mu da leburori, kuma duk ƙungiyarmu ɗaya. Suka zaɓe ni shugaba, ba don na fi kowa hankali ba, sai don bakina ba ya mutuwa.

To, a shekarar da ƙarin albashin nan ya tayar da farashin komai, haƙa ya zo ƙarshe a ɓangarenmu. Kamfani ya ce zai sallami rabin leburori. Mu kuma muka taru muka rantse cewa ranar da aka sallami mutum ɗaya, za mu rufe ƙofofi daidai lokacin da alkama ta ɗauki ciki, mu ga wanda zai fara kuka. Ni na kawo shawarar, kuma aka yi min tafi.

Wanda bai yi min tafi ba shi ne yayana, Yaya Ilu. Bayan farin nan da ya cinye masa komai, bijimi ɗaya ya rage masa, shi ma ya sayar ya zuba a alkama. Da labari ya kai masa, ya same ni a zaure ya ce, "Haladu, ashe kukan da kake so ka ji nawa ne?" Na fara yi masa bayanin yajin aiki. Bai tsaya ji ba. Ya ɗauki kwanon tuwonsa ya shige cikin gida, ga shi tun rasuwar mahaifinmu a zauren nan muke cin abinci tare. Daga ranar ni kaɗai nake ci.

Ana cikin haka injiniyoyin Holan da ke ba aikin shawara suka ce a tura mutum uku ƙasarsu su ga yadda ake kashe irin wannan wutar a can: ɗaya daga gwamnati, ɗaya daga kamfani, ɗaya daga ƙungiya. Tanko ya ce, "Zuma za su lasa maka a baki." Na ce masa ko tulu guda suka ɗura min, yadda na tafi haka zan dawo.

Landirobar hukuma ce ta kai mu filin jirgi a Kano. A gaba Alhaji Nasidi ne, manajan ma'aikata na kamfani, mutumin Dawakin Kudu, wanda ya taɓa cewa masinja ya fitar da ni daga ofishinsa. A baya ni ne da Malam Inuwa, jami'in gwamnati, mutumin kirki, amma ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ya ce sai ya tuntuɓi na sama. Daga Kura har Kano, bayan gaisuwa, ba wanda ya ce wa wani kanzil.

A jirgi aka zaunar da ni kusa da Alhaji. Na ɗaure fuska, na ƙudurta ba zai ga tsorona ba. Muna cikin tafiya a saman hamada sai jirgin ya yi wata irin zabura ya sulmiyo ƙasa, na cafki abin da ya fi kusa da ni. Ashe hannun Alhaji ne. Na juya zan ba shi haƙuri, sai na ga idonsa a rufe, bakinsa yana ta salati, kuma ya fi ni riƙewa da ƙarfi. Da jirgi ya daidaita kowa ya zare hannunsa ya kalli gabansa kamar ba a yi ba.

A Amstadam aka tare mu wurin kwastan. Maiɗakina Hajara ta cika min jaka da yaji da kuka da dambun nama, da daddawa a cikin gwangwani, wai kada yunwa ta kashe mata ni. Wata yarinya mai kayan sarki ta buɗe gwangwanin. Wallahi sai da ta ja da baya taku biyu. Ta kira wani, shi ma ya sunsuna ya kira wani. Turancina na bakin aiki ne, nan take ya gudu ya bar ni. Na ga ana ta nuna ni da yatsa, na ce shi ke nan, daga nan sai gidan yari. Sai Alhaji ya gyara babbar riga ya matso ya ce musu wannan cukun ƙasarmu ne. Suka kalli juna suka fashe da dariya, suka rufe gwangwanin suka miƙo min. Dambun naman kuwa suka riƙe. Ban gane dalilin dariyar ba sai daga baya da na shiga shagon da suke sayar da tsohon cukunsu. Jama'a, daddawarmu turare ce.

A waje wani ƙaton Bature jajir yana jiran mu da manyan rigunan sanyi uku a hannu. Sunansa Pita, shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikatan famfo da gyaran ganuwar da ke tare ruwa a yankin da za mu. Babu yatsa ɗaya a hannunsa na dama, inji ne ya cinye. Da aka gaya masa ni ne na ƙungiya, ya kai min duka a kafaɗa irin na murna, sai da haƙorana suka haɗu. Sanyi kuwa, kada wanda ya ƙara yi min maganar sanyin ban ruwa da asuba. Wannan har cikin ƙashi yake shiga ya zauna.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari. A nan ne na ga abin da kuke ta tambaya, kuma gaskiya ne. Shanu suna kiwo a ƙasa, ga ganuwa kamar ta birnin Kano, a bayanta jirgin ruwa yana tafiya sama da ƙahonsu. Malam Inuwa, wanda shi ne tafintana, ya ce ƙasar tasu ta fi teku kwari, da famfo suke kwashe ruwan dare da rana suna mayar da shi waje. Na yi ta kallo. Mu a nan muna kashe kanmu mu kawo ruwa gona, su a can suna kashe kansu su fitar da shi.

Masaukinmu gidan wata tsohuwa ne, matakalarsa a miƙe kamar tsani. Ɗaki biyu ne kawai. Malam Inuwa ya yi wuf ya ce shi minshari yake yi, ba ya so ya cuci kowa, ya shige ƙaramin. Aka bar ni da Alhaji, gado yana kallon gado. Da lokacin salla ya yi na duba ko'ina babu buta. Na sauko na ga wata mai dogon baki a kan taga kusa da furanni, na ɗauka. Da safe tsohuwar ta yi ta neman abin ban ruwan furenta har ta same shi a banɗaki. Kunya ta kama ni. Malam Inuwa ya yi mata bayani, ta gyaɗa kai. Da yamma muka dawo muka tarar da sababbi guda uku a jere a bakin ƙofa, kowace da launinta, tata kuma ta ɗaure ta da igiya a jikin taga.

Abinci kuwa, burodi da cuku da safe, burodi da cuku da rana, kuma duk a sanyaye. Da yamma ne ake dafa dankali a tuƙa shi da ganye, ba gishiri ba yaji. Tsohuwar ta kiyaye, ba ta taɓa kawo mana abin da ba ma ci ba, kullum kifi ne ko ƙwai. A kasuwa Pita ya saya mana wani ɗanyen kifi da albasa, ya kama nasa ta wutsiya ya ɗaga kai ya zura. Malam Inuwa ya ce shi azumin nafila yake yi. Ni na rufe ido na haɗiye don kada a ce ƙungiya ta ji tsoro. Ba a je ko'ina ba Alhaji, wanda ya yi min dariyar ɗauko yaji, ya fara raɓowa yana cewa, "Malam Haladu, ɗan barbaɗa min mana." A Kura "kai" yake ce min. Yaji ne ya mayar da ni Malam.

Pita ya gayyace mu gidansa, kuma sai da ya faɗi rana da lokaci, don a can ba a faɗo wa mutum haka kawai, ko da ɗan'uwansa ne. Matarsa ta kawo kofi, ta buɗe gwangwanin biskit ta zagaya, kowa ya ɗauki ɗaya, ta rufe ta mayar kan kanta. Na zauna ina jiran zagaye na biyu har muka tashi. A nan kam mun fi su, ba na shakka. Amma tagoginsu a buɗe suke ba labule, mai wucewa yana ganin abin da kake ci. Kuma in ka tambayi mutum abu, ko e ko a'a zai ce maka. Babu "sai mun gani", babu "ka dawo jibi".

Washegari ya kai mu gidan famfo. Injuna ne manya-manya suna ruri, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka, ko'ina tsaf kamar a zuba abinci a ci. Daga nan ya bi da mu ta wani tsohon coci ya nuna mana wani zane a jikin bango, sama da kaina. Ya ce nan ruwa ya kai shekarar da ganuwa ta fashe yana saurayi, kuma a ruwan ne ƙanwarsa ta tafi. Muka yi masa ta'aziyya irin tamu.

Na ce Malam Inuwa ya tambayar min shi ko suna yajin aiki. Pita ya yi dariya ya ce sau nawa ma. Sun taɓa ajiye shebur, sun taɓa tare ƙofar kamfani, har ya kwana a hannun 'yan sanda. Na ce to famfo fa? Ai nan ne maƙogwaron kowa, in suka kashe shi yini ɗaya kamfani zai zo yana rarrafe.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Famfo ba ma kashe shi."

Na ce wace doka ce ta hana?

Ya ce shi dai bai taɓa zuwa neman doka a kan wannan ba. Magana ce suka yi da kamfani da hukuma tun tuni: komai zafin faɗa famfo zai yi aiki, su kuma ba za a kawo wasu a maye gurbinsu suna cikin yaji ba. Ya ce, "Ruwan ba ya tambayar gidan waye kafin ya shiga." Malam Inuwa ya fassara min, sannan ya kau da kai. Alhaji ma bai kalle ni ba. Da ma sun kalle ni da ya fi min sauƙi.

Babban abin da aka kawo mu gani shi ne zaman da suke yi su uku, kamfani da ƙungiya da gwamnati, kuma muka yi sa'a suna da rigima a hannu mai kama da tamu. An kawo sababbin injunan haƙa, kamfanin gyaran ganuwa yana so ya rage mutane. A wani ɗaki a ofishin hukumar garin aka zauna. Muna shiga na ga wani tsoho siriri, ƙafar wandonsa a ɗaure saboda keke, yana zuzzuba kofi. Na cire rigar sanyi na miƙa masa ya rataye min. Ya karɓa ya rataye, har da cewa sannu da zuwa. Da aka zauna sai na ga ya ja kujera a gaban Pita. Shi ne mai kamfanin, Henki. Alhaji ya toshe baki da hula yana ta girgiza, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Kai, na ga faɗa! Pita ya buga tebur har kofi ya zube. Ya kalli mai kamfanin nan ido cikin ido ya ce masa a'a, ya ce lissafinsa ba gaskiya ba ne. Henki ya mayar masa, ya ce in ya ci gaba da biyan mutanen da ba su da aiki, baɗi kamfanin zai rufe kowa ya rasa. Ina ta kallon ƙofa ina jiran a kira masinja ya fitar da wani. Ba a kira kowa ba. Wakiliyar gwamnati, wata mata mai furfura, tana zaune tana saurare. Da suka gaji ta ce ita ba ta zo tilasta wa kowa ba. In sun shirya, gwamnati za ta sa nata hannun. In sun kasa, dole wata rana a yi musu doka daga babban birni, kuma waɗanda za su yi ta ba su taɓa ganin wannan ganuwar ba. Malam Inuwa ya fassara wannan a hankali, kamar da kansa yake magana.

Sun yi zama ya fi a ƙirga kafin mu zo, kuma sai da suka ƙara wasu a gabanmu. A ƙarshe ga abin da suka tsayar: ba za a kori kowa ba, amma za a rage wa kowa kwanakin aiki, albashi ya ragu daidai da haka. Gwamnati kuma za ta ba kamfanin gyaran wata tsohuwar ganuwa da aka daɗe ana ɗagawa, don aikin ya ɗan ƙaru. Kowa ya tashi fuska ba daɗi. Suka yi musabaha, Pita da Henki suka hau kekunansu suka bi hanya ɗaya suna ci gaba da gardama.

Kafin su tafi na tari Henki, na ba shi haƙurin riga, sannan na tambaye shi in ya karya wannan maganar wace kotu za a kai shi. Ya ce babu. Na ce to me zai same shi? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ba komai. Sai dai baɗi in na kira zama ba wanda zai zo. Kuma shagon da matata take sayen burodi, nan matansu suke saye."

Na ɗauka an gama. Ashe ba a fara ba. Washegari da la'asar Pita ya ce in raka shi, ni kaɗai da tafinta. Muka shiga wani zaure cike da ma'aikata da hayaƙin taba. Ya hau kan akwati ya gaya musu abin da aka tsayar. Da ya zo kan rage albashi wurin ya kaure. Wani ya jefe shi da hula. Wani saurayi ya hau benci ya kira shi karen kamfani, Malam Inuwa ya yi ta inda-inda kafin ya fassara min. Na zuba ido in ga yadda zai zame, don na san yadda ake yi, ni ma gwani ne: ka ce an fi ƙarfinka, ka ce gwamnati ce ta matsa, ka zagi manaja a yi maka tafi. Pita bai yi ko ɗaya ba. Ya bari suka gama, ya ce, "Ba wanda ya tilasta ni. Ni na yarda, kuma ga dalilina." Ya kira sunayen waɗanda da za a kora, yana nuna su ɗaya bayan ɗaya a inda suke zaune. Ya ce wanda yake so a biya shi cikakke, ya tashi ya gaya wa waɗannan su tafi gida. Aka ɗaga hannu. Da ƙyar ya tsallake.

A waje ya tsaya zai kunna lofe, ashana tana ta mutuwa masa a hannu. Ƙaton mutum kamar wannan! Na karɓa na kunna masa. Ya ce, "Zama da Henki ba wuya, shi abokin faɗa ne. Wannan ɗakin shi ne aikin." Wallahi ban taɓa ganin namiji irin Pita ba, kuma a ranar na ji ina ƙaunarsa kamar ɗan'uwa.

Da asubar ranar da za mu taho, bayan mun idar da salla, Alhaji bai tashi daga kan darduma ba. Ya ce, "Malam Haladu, kana zaton daɗi nake ji? Cikin waɗanda aka ce in sallama har da 'ya'yan ƙanwar mahaifiyata." Na ce, "To Alhaji, me ya hana ka faɗa tun a gida?" Ya ce, "Ka taɓa shigowa ofishina ba da ihu ba?" Muka juya ga Malam Inuwa. Ya gyara zama ya ce, "To, sai na tuntuɓi..." Ni da Alhaji muka fashe da dariya, shi ma ya biyo mu. Da dariyar ta lafa ya ce akwai abu ɗaya da yake hannunsa ba sai ya tambayi kowa ba: yashe magudanai, wanda duk shekara ake ba wani ɗan kwangila daga birni.

A filin jirgi Pita ya ƙi karɓar rigunansa. Ni kuma na bar masa ragowar yajin, na gargaɗe shi ya bi a hankali.

Mun dawo alkama ta rufe ƙasa kore shar. Kada ku ɗauka daga saukowa muka rungumi juna. Mun yi makonni muna kai ruwa rana, sau biyu ina ficewa daga zama, shi ma Alhaji sai da ya sha baƙar magana wurin masu kamfanin. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa ba za a sallami kowa ba, za a raba aikin da ya rage kowa ya samu kwanakinsa, gwamnati ta ba mutanenmu yashe magudanai, mu kuma ba za mu taɓa rufe ruwa ba muddin akwai shuka a ƙasa. Malam Inuwa ya ce shi ba shi da ikon sa hannu a irin wannan. Na ce ba hannunsa muke so ba, bakinsa muke so. A bakin magudana, gaban dagaci da liman da manoma, shi da Alhaji kowa ya faɗi nasa da bakinsa, aka raba goro. Liman ya ce Fatiha sai ƙungiya ta kawo nata.

Na tara mutanena a gindin durumin da ke bayan yadin kamfani. Da na zo kan rage kwanaki wurin ya kaure, har na ji kamar ina jin warin tabar nan. Tanko ne ya miƙe, Tankon da muke murza ƙarfe ɗaya. Ya ce, "Ban gaya muku ba? Haladu, nawa suka ba ka? Makami ɗaya gare mu, ka je ka miƙa musu a kan burodi da cuku!" Maganar ta soke ni. Bakina ya kawo amsa iri-iri, kuma ga sunan Alhaji a kan harshena, da na zage shi sau ɗaya an yi min tafi. Na haɗiye. Na ce, "Ba wanda ya tilasta ni. Ni na yarda." Na nuna waɗanda da za a sallama. Na nuna gonakin da ke bayanmu na ce su gaya min ta mai kamfani a ciki.

Aka ɗaga hannu, maganar ta tsallake da ƙyar. Kafin in sauke numfashi wani ya ce a sake zaɓen shugaba, tunda wannan ya zama ɗan gidan manaja. Aka sake ɗaga hannu. Wannan karon ba da ƙyar ba ne. Suka cire ni suka sa Tanko. Ya ji min ciwo, ba zan ɓoye ba. Tanko ya kaɗe rigarsa ya ce shi dai bai ci goron kowa ba, ya tafi.

Washegari ranar ruwan yankinmu ce, kuma alkama ta ɗauki ciki. Na isa ƙofa gari yana wayewa. Manoma sun jeru a kan kunyoyi da fartanyoyinsu, can ƙarshe ina hango Yaya Ilu. Ba Tanko. Na jira har rana ta fito. Na tofa yawu a hannu na kama ƙarfen ni kaɗai, na danna har idona ya yi ja. Ko motsi bai yi ba. Na sake. Manoma suna kallona, kuma ba wanda zai taɓa ƙofar hukuma in ba ma'aikaci ba.

Sai na ji ƙarar keke a bayana. Tanko ya jingine shi, ya naɗe hannun riga, bai yi min sallama ba.

Ya ce, "Har yanzu ban yarda da kai ba."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Amma ƙungiya ta ɗaga hannu, kuma yanzu ni za a zaga in aka saɓa. Matsa can. Ka je ka sha madarar Turawa ka dawo ko ƙarfe ba ka iya juyawa."

Muka kama tare. Ƙarfen ya yi ƙara, ƙofa ta ɗaga, ruwa ya kwararo ya bi magudana. Ranar Juma'a Tanko ne ya tsaya gaban liman aka shafa Fatiha, ni ina cikin taro a baya, kuma har yau da nake rubutun nan ba wanda ya saɓa a cikin ukun.

A daren ranar ruwan, bayan magariba, na shimfiɗa tabarma a zaure na jawo kwanona. Sai ga Yaya Ilu ya fito daga cikin gida da nasa a hannu, ƙafarsa duk busasshen taɓo. Ya zauna a inda ya saba, ya buɗe kwanon, ya turo shi tsakiya.

Ya ce, "An ce sun cire ka."

Na ce, "Sun cire ni, Yaya."

Ya ce, "To sa hannu, kada ya huce."